Tabon Fuskar Malama Clara

Shekara goma sha ɗaya muka yi muna koyarwa a firamare ɗaya da Malama Clara a Kutama, amma sai a ta tara na san abin da ke damunta. Sunana Halima Sa'adiya. Ni ke da aji biyu a lokacin, ita kuma aji biyar. Abin da zan faɗa, wani na gani da idona, wani ita ta ba ni da bakinta.

'Yar Barikin Ladi ce, can jihar Filato. Ta zo Gwarzo a 1985, zamanin da ake layin sabulu da madara, takardar malanta kuma ba ta samar wa kowa aiki a garinsu. Mijinta Zechariah, wanda mutanen gari suka mayar Zakariya, ya riga ta zuwa da shekara guda, ya buɗe ɗan shagon kayan masarufi kusa da tasha. Suka kama ɗaki biyu a gidan Uwaliya mai ƙuli-ƙuli, wadda mijinta ya rasu ya bar mata gida da 'ya ɗaya, Raliya. A gidan Clara ta haifi Sammy, a nan ta haifi Diana. Uwaliya ce ta yi mata wankan jego duka biyun, ta koya mata tuwon dawa da miyar kuka irin ta nan. Ita kuma Clara a tsakar gidan ta koya wa Raliya karatu tun kafin a sa ta makaranta.

Doguwa ce, baƙa, mai ƙarfin murya. Ita ke tsayar da yara a fili da safe, ita ke kula da lambun makaranta, kuma kullum da ƙarfe biyu za ka gan ta a bakin titi tana jiran motar Gwarzo, rana na dukanta.

Da cikin Diana tabon ya fara fito mata. Wani duhu ne ya kwanta a kumatunta biyu, daga baya ya hau goshi, ya sauko saman leɓe. Aka ce da ta haihu zai tafi. Ta haihu, bai tafi ba, sai ma ƙara faɗi da yake yi duk rani. Masu ba da shawara suka yi ta bayarwa, wannan ta ce lemon tsami, waccan ta ce dilka. Clara ta gwada biyu-uku ta watsar. Zakariya yakan tsokane ta ya ce ai taswirar Filato ce ta biyo ta don kada ta manta gida, su yi dariya, shi ke nan.

A shekarar 2000, bayan rikicin Kaduna, ga kuma maganar Shari'a ta cika gari, Kiristocin da ke Gwarzo suka fara ɗaure kaya. Ba wanda ya taɓa su a unguwarsu. Amma labarai na zuwa, 'yan uwa na aiko da saƙo, ciniki kuma ya ja baya. Zakariya ya rufe shago, ya ce su koma gida. Clara ta ce in duk suka tafi, da me za a yi wa yara makaranta? Aikinta ne kaɗai abin da ke tsaye. Suka yi kwana uku suna magana, ƙarshe ya tafi da yaran, ita ta zauna, a kan za ta riƙa zuwa duk hutu har ya kafu.

Ta mayar wa Uwaliya ɗaki ɗaya, ta tattare a ɗaya. Girki ma sai ta rage, don ta ce ba ta iya dafa abincin mutum ɗaya ba, kullum sai ya yi yawa. Uwaliya ta lura, ta shiga aiko mata da kwanon tuwo duk yamma.

Kirsimetin shekara ta biyu ne abin ya taɓa ta. An taru a gidan surukanta za a ɗauki hoto, sai ta ji yayar mijinta tana ce wa wata, a hankali amma ba sosai ba, ƙasar Hausa ta ƙone matar Zechariah kamar gindin tukunya. Wannan bai dame ta ba kamar abin da ya biyo baya. Diana, tana da shekara takwas, ta hau cinyarta, ta sa yatsa a kumatunta ta ce, "Mama, yana miki zafi?" Yarinyar da ta tashi tana ganin tabon tun ranar da aka haife ta, yau tana kallonsa kamar baƙon abu. Clara ta ce a nan ta gane 'yarta ta fara manta fuskarta.

Da ta dawo, wata Asabar ta shiga motar Kano ba ta gaya wa kowa ba. Ta yi layi a asibiti tun safe har azahar kafin ta ga likitar fata, wata matashiya mai tabarau. Likitar ta ja ta bakin taga, ta juya fuskarta dama da hagu, ta tambaye ta aikinta da yawan zamanta a rana.

"Malama, wannan ba ya kisa, kuma ba a ɗauka," in ji ta. "Ciki ne ya tayar da shi, rana ce take ƙara shi. Zan rubuta miki abu biyu, amma sai kin ji ni da kyau."

Na farko wani mai ne a ɗan bututu kamar na man goge baki. A kan tabon kaɗai za ta shafa, kafin ta kwanta, kaɗan, bai kai ƙwayar wake ba. Wata uku, ta daina ta dawo, ko ya tafi ko bai tafi ba, don in aka zarce da shi yakan juya ya baƙanta fata, baƙin da ba ya fita.

"Likita, ni fa ba fari nake so in yi ba."

"Na sani. Launinki na ainihi za mu dawo miki da shi. Na biyun kuma man kare rana ne. Da safe ki shafa duk fuska, da rana ki ƙara. Ki nemi laima ko wani abu ki rufe. In kika shafa na farko kika shiga rana haka, gara ma ba ki fara ba. Kuma kada ki ba kowa. Ke na duba, ke na rubuta wa."

Sai da ta shiga kemis huɗu a Kano kafin ta sami man kare ranar. A Gwarzo ko sunansa ba a sani ba.

Ranar Litinin ta shigo makaranta fuska fari-fat kamar ta shafa toka, don man ba ya nutsewa a baƙar fata. Yara suka yi ta ƙus-ƙus a layi. Mu ma malamai mun gani, muka kalli juna, ba wadda ta ce komai. Ta sayi laima, iskar bazara ta karya ta a mako na biyu. Ta sayi malafa a kasuwa, sai samarin tasha suka fara tambayarta ina shanun. Uwaliya ce ta ga wahalar, ko da yake Clara ba ta gaya mata komai ba sai dai cewa rana na sa ta ciwon kai. Ta shiga ɗaki ta fito da wani babban mayafi ruwan toka, mai kauri.

"Maman Sammy, ungo. Ki jawo shi gaba ya yi miki rumfa. Mu da shi muke yawo ba mu mutu ba."

Mayafin ya yi aiki. Ya rufe goshi, ya rufe kumatu, ya ɓoye farin man. Amma shekarar 2002 ce, lokacin da kowa ke lura da abin da mace ta yafa. Clara, da shekara goma sha bakwai aka san ta da ɗankwali da siket, ta fito lulluɓe. Dattawan da ke zama a bakin titi suka canja mata gaisuwa, aka ƙara mata tsawo da fara'a. Wata mai ƙosai ta ƙi karɓar kuɗinta. Ba a yi wata ba hedimastanmu, Malam Nata'ala, mutumin kirki, ya kira ta ofis.

"Malama, na ji wani labari mai daɗi, na ce sai na ji daga bakinki."

"Rana nake gudu, Malam."

Ya yi murmushi, ya ɗauka kunya ce. "To, to. Ba gaggawa. Allah ya yi mana jagora."

Na taɓa tambayarta daga baya, me ya hana ta faɗi gaskiya kowa ya huta? Ta ce in tuna lokacin. A masallaci ana wa'azi a kan matan da ke shafe-shafe suna canja halittar Allah, a coci ma wa'azin ke nan. Mace mai shekara arba'in, mijinta ba ya gari, a ji ta je Kano an rubuta mata man fuska, me za a ce? Ta ga shirun ya fi sauƙi.

Cocinsu ƙarami ne, mutanen da suka rage ba su kai talatin ba. Clara takan cire mayafin a bakin ƙofa ta ninke a jaka, amma ai an riga an gan ta a hanya. Wata Lahadi bayan an tashi, Emily, shugabar zumuntar mata, ta tare ta.

"Maman Sammy, in kin gaji da mu ki faɗa mana. Kada mu ji a gari."

"Wace irin magana ce wannan, Mama Emily?"

"Ke kika sani. Mu da muka zauna a nan, da wuya muke zaune. Ba mu so a yi mana dariya."

Clara ta ce likita ne ya ce ta guji rana. Emily ta dube ta daga sama har ƙasa ta ce, "Likita," ta juya. Mako na gaba aka ba wata jagorancin waƙa. Ba wanda ya kore ta, amma bencin da take zama ya zama nata ita kaɗai.

Sai ga wasiƙa daga Barikin Ladi, wani direba ya kawo. Layi huɗu ce. Zakariya ya ce an aiko masa cewa ta sauya addini, in gaskiya ne ta gaya masa kafin yara su ji a bakin wani. Clara ta rubuta amsa sau uku tana yagawa. Daga ƙarshe ta ɗauki takardar da likita ta rubuta mata, ta sa a ambulan ita kaɗai, ta ba direban.

Maganin kuwa yana aiki. A mako na shida duhun ya fara dushewa daga gefe. A na goma goshinta ya koma daidai da sauran fuskarta, na kumatu ya zama kamar inuwa. Takan tsaya gaban ɗan madubinta ta ga matar da ta sauka a tashar Gwarzo da akwatin ƙarfe. Ba ta da wanda za ta nuna wa. A ɗakin malamai kuma magana ta juya. Masu cewa za ta musulunta suka yi shiru, aka koma cewa bilicin take yi. Ina wurin aka faɗa, ban tanka ba.

Uwaliya ta fi kowa ganin canjin, don ita ke ganinta ba mayafi. An sa ranar auren Raliya da wani malamin gona ɗan Madadi, saura wata biyu. Wata la'asar Clara na zaune tana duba littattafan yara, Uwaliya na matse tunkuza a turmi, sai ta tsame hannu ta matso.

"Maman Sammy, ni fa ba zan tambaye ki abin da kike shafawa ba. Na ga ya karɓe ki. Ki ɗan sam wa 'yarki, ta yi haske kafin biki."

"Yaya Uwaliya, ba man kwalliya ba ne. Magani ne, likita ta rubuta mini saboda tabon nan. Raliya ba ta da tabo."

"Ai shi ya sa kaɗan zai ishe ta."

"Zai iya ɓata mata fuska. An ce kada in ba kowa. Fatarta lafiya lau take, me za ta yi da shi?"

Uwaliya ta dube ta. Can ta ce, "Na gane," ta koma kan turminta.

Ba su yi faɗa ba. Gaisuwa ce ta gajarce, daga tambayar gajiya da makaranta da labarin yara ta koma ina kwana, lafiya lau. Kwanon tuwo ya fara tsallake kwana ɗaya, sannan biyu, sannan ya daina zuwa. Clara ta sake ƙoƙarin yi mata bayani, Uwaliya ta ce ai ba komai, kowa da abinsa. Da aka fitar da ankon biki, aka zaga gidajen unguwa da shi, ba a shiga ɗakin Clara da ke cikin gidan ba. Ranar ɗaurin aure Clara ta sa atamfarta mafi kyau, ta kai kwalla biyu gudummawa. Aka shimfiɗa mata tabarma, aka kawo mata shinkafa da lemo, aka yi mata sannu da zuwa. Daga inda take zaune tana hango ƙofar ɗakinta.

Wata uku suka cika, ta koma Kano. Likitar ta ji daɗi, ta ce ta ajiye man farko, amma kare rana ba ranar dainawa, in ta saki tabon zai dawo. Clara ta tambaya har yaushe. Likitar ta ce muddin tana fita.

Da hutun Agusta ta tafi gida. Zakariya ya zo tarbarta a tasha. Ta riga ta cusa mayafin can ƙasan jaka tun daga Zariya. Ya karɓi kayanta, ya tambayi hanya, suna tafiya sai ya ce, "Na kai takardar nan wurin wani mai kemis a Bukuru, ya karanta mini. Ya ce gaskiya ne, maganin tabo ne."

"Da bai ce gaskiya ne ba fa, Baban Sammy?"

Ya ce ta yi haƙuri, mutane ne da baki, shi kuma yana nesa. Ta ce ta haƙura. Har suka isa gida bai ce komai a kan fuskar ba, sai da ta tambaye shi. Ya duba ya ce lalle kam, ta yi kyau, ya shiga neman mabuɗi.

Diana ta rungume ta, ta ce Mama kin canja, ta karɓi tsarabarta ta ruga wurin 'yan uwanta. Sammy ya yi tsawo, muryarsa ta buɗe, yana gaishe ta a tsaye kamar yadda ake gaida malama. In suna son wani abu wurin gwaggonsu suke zuwa. Clara ba ta san inda ake ajiye gishiri ba. Mako huɗu ta yi ana ba ta abinci a kan tire, sannan ta dawo Gwarzo.

Haka ta ci gaba. Man kare rana in ya ƙare sai ta sami mai zuwa Kano, wani lokacin a yi wata ba a samu ba, tabon ya ɗan leƙo da rani, ya lafa da damina. Mayafin ya zama nata, har mutane suka gaji da fassara shi. Malam Nata'ala ya daina yi mata murmushin nan. A coci aka saba da ita a bencinta. Ta daina tsayar da yara a fili, lambun ma aka ba wani. Da an fita tara sai ta zauna a aji ita kaɗai, mu muna ƙarƙashin darbejiya muna cin gyaɗa, muna cewa Malama Clara ta zama mai girman kai.

A 2004 aka tura mu mu biyu Kabo sa ido a jarrabawar 'yan aji shida. Da aka tashi hutun rabin rana muka zauna a baranda, ba kowa sai mu. Ta buɗe jaka ta fito da wata 'yar kwalba, ta juya mini baya ta fara shafawa. Ban san abin da ya sa ba, na ce, "Malama Clara, don Allah mene ne wannan ɗin?"

Ta tsaya da hannu a kumatu. Ta juyo ta dube ni, ta ce, "Halima, shekara biyu ke nan, ke ce ta farko a makarantar nan da ta tambaye ni."

A barandar nan ta ba ni labarin duka, daga Kirsimeti har bikin Raliya. Ba ta yi kuka ba. Na ce zan gaya wa sauran malamai. Ta ce in bari, ai ya wuce, ba ta son a dawo ana tausaya mata. Daga ranar nakan shiga ajinta da tara mu zauna tare. Wani lokacin mu yi hira, wani lokacin kowa ta duba littattafanta. Na so a ce na fara tun da wuri.

Shekara biyu bayan haka hawan jini ya kayar da Zakariya, ɓarin jikinsa ya shanye. Clara ta ajiye aiki a tsakiyar zango. Ranar da za ta tafi Uwaliya tana Madadi, Raliya ta haihu, sai a hannun maƙwabciya ta bar mabuɗin ɗakin. Malam Nata'ala ya tara yara suka yi mata addu'a kowa da irin tasa. Ni na raka ta tasha, na riƙe mata jaka har mota ta cika.

Wasiƙa biyu na samu daga wurinta. A ta farko ta ce tana jinya, jikin da sauƙi, in gaida 'yan ajinta. Ta biyun ta zo bayan shekara guda da rabi. Ta ce Baban Sammy ya rasu, Sammy yana Jos yana koyon gyaran lantarki, Diana na makarantar kwana, ita kuma ta sami koyarwa a wata ƙaramar makarantar coci a Bukuru, ta kama ɗaki ɗaya kusa da wurin. Ta ce in ta yi ciniki a kasuwa sai a tambaye ta ko ita Bakanuwa ce. Na rubuta mata amsa, na sa lambar wayata a ƙasa, don lokacin waya ta iso mana. Ban san ko ta isa hannunta ba.